Cikon Kawu Sawaeng

Shekara ashirin da bakwai Kawu Sawaeng ya yi yana wasa sandunan ƙarfe na mota a masana'antarmu ta Chonburi. Ni ce mai awon abin da ya wasa, kuma ban taɓa mayar masa da ko ɗaya ba sai da aka kawo injin mai kwamfuta.

Aikin ba wani bokanci ba ne. Dutsen washi yana dakushewa, sai a aske fuskarsa da tsinin daimon. Duk aski dutsen yakan rage kauri kaɗan, bai kai silin gashi ba, don haka dole a matso da shi gaba daidai abin da ya rasa. Wannan muke kira ciko. Kawu da kunne yake sanin lokacin aski, da yatsa yake ciko, kuma ya fi alfahari da wannan yatsa fiye da 'ya'yansa uku.

Ranar da sabon injin ya iso, Kawu ya rataya masa furen yasmin, ya ajiye masa kwalbar jan lemo da tsinken sha, kamar yadda ake yi wa kowane baƙon inji. Injiniya Wirot, wanda ya yi kwas na kwana biyar a Japan ya dawo yana gaisuwa da sunkuyo, ya nuna wa Kawu koren maɓalli da ja, ya wuce ofis mai sanyi. Littafin injin yana nan a ledarsa har yau.

Sati bai cika ba sanduna suka fara fitowa a rame. Wirot ya zargi dutsen, aka canza. Ya zargi ruwan sanyaya ƙarfe, aka zubar. Aka ɗauko malamin ibada daga haikali ya yayyafa wa injin ruwan albarka, sandunan suka ci gaba da ramewa abinsu. Daga nan manaja ya ce idan wata ya ƙare a haka, tsohon ne zai tafi, tunda injin sabo ne.

Ni kuwa na lura da abu ɗaya a takardar awona: sandunan da aka wasa lokacin da Kawu yake cin abincin rana lafiyarsu lau. Na yi kwana biyu ina juya maganar, don wallahi tausayinsa nake ji. Na same shi a kantin abinci yana dangwalar kwaɗon gwanda da shinkafa mai danƙo.

"Kawu, bayan aski kana taɓa lambobin injin nan?"

"Ji wata tambaya! Lamyai, ke kin taɓa ganin an aske dutse ba ciko? Ko so kike in zauna kamar mai gadin banɗaki?"

"Injin yana yin cikonsa da kansa. Ya matso, kai ma ka ƙara matsowa. Sau biyu kuke cin ƙarfen."

Ya ajiye lomar. "Wa ya koya masa?"

"Haka aka haife shi, Kawu."

"To mai sunkuyon can me ya hana shi faɗa mini?"

"Shi ma bai sani ba."

Ya daɗe yana kallon yatsansa. "Wato idan na naɗe hannu, aiki zai yi kyau."

Na ce masa e, kuma har yanzu ina jin nauyin wannan e ɗin.

Washegari ya danna koren maɓalli, ya soke hannuwansa biyu a aljihu. Wata uku ba sanda ɗaya da ta lalace. Wirot ya rubuta dogon rahoto kan yadda ya gano matsalar, aka ƙara masa girma. A bikin ƙarshen shekara aka kira Kawu Sawaeng gaban jama'a, aka miƙa masa allon gwarzon ma'aikaci, na farko a rayuwarsa. Sai da manaja ya taɓa shi kafin ya tuna ya fito da hannu daga aljihu ya karɓa.

Da ya dawo kujera ya ɗora mini allon a cinya.

"Riƙe mini, Lamyai. Shekara ashirin da bakwai ina aiki, ko tawul ba su ba ni ba. Na daina, ga shi."