Ranar da Gishiri Ya Shiga Burodin Ottorino

Ottorino mai burodi gajere ne kakkaura, girarsa kullum fara fat da fulawa, bakinsa kuwa ba linzami. Shagonsa na ƙarƙashin hasumiyar agogo a garin Roccalbiano, cikin wani lungu da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Tun zamanin kakansa ake hura wannan murhu, kuma tun zamanin kakansa ko ƙwayar gishiri ba ta taɓa shiga kwaɓin ba. Haka burodin garin yake, lami. Gishirin yana cikin cukun tumaki, yana cikin miyar wake. Hannun matan garin ya saba, suna zuba shi a tukunya da yawa don sun san burodi zai shanye rabi.

Da bazara ta kama sai motoci su yi ta sauke baƙi a ƙofar ganuwa. Su hau tudu suna haki, su ɗauki hoton coci, hoton kyanwa, har da wankin mutane da ke shanye a taga. Daga nan ƙamshi ya ja su shagon Ottorino. Gutsura ɗaya, fuska ta yamutse.

"Ba a cinsa shi kaɗai!" haka yake daka musu tsawa. "Je ka nemo masa cuku, bawan Allah!"

Rabinsu ba sa jin yarensa, sai su ɗauke shi hoto shi ma.

Abu ɗaya ne a duniya Ottorino yake tsoro: kada ɗansa ya sake tafiya. Duilio shi ne tilonsa. Ya daɗe a birnin Milano yana aiki, sai da mahaifiyarsa ta rasu ya dawo ya kama wa tsohon. Amma akwatinsa na nan bayan ƙofa, bai gama kwashe kayan ciki ba, kuma kullum Ottorino sai ya saci kallonsa.

"Baba, a bakin ƙofarmu fa suke tofar da shi," in ji Duilio wata Asabar. "Ko tantabaru sun fara yi mana kallon banza."

"Tantabarun garin nan sun fi ka sanin burodi."

"Ɗan gishiri kaɗan fa na ce. A ko'ina sawa ake yi."

"To, nan ba ko'ina ba ne."

"Shi ke nan. In ba ni da ta cewa a shagon nan, ƙarshen wata zan koma."

Da asubar Lahadi Ottorino ya riga ɗansa shiga shago, ya buɗe buhun gishiri, ya kau da kai daga hoton ubansa da ke bango, ya zuba da hannunsa. Duilio ya ɗanɗana kwaɓin ya dube shi, shi kuma ya hau share ƙasar da ba ta da datti. Kunya ta hana tsohon gaya wa ko mutum ɗaya cikin masu saye.

Baƙi dai sun ji daɗi ranar, har da masu dawowa ƙari. Tashin hankalin sai da aka taso daga coci aka zauna cin rana. Miya da gishirinta na kullum, cuku da nasa, ga burodin da ya kamata ya raba faɗa shi ma ya shigo da nasa. Maza suka ɗora wa mata laifi, mata suka rantse hannunsu bai canza ba. Duilio kansa ya sha cokali biyu na miyar burodi da wake, irin wadda mahaifiyarsa ke yi, ya ture kwanon. Kafin la'asar rabin garin na layi a maɓuɓɓugar dandali suna kwankwaɗar ruwa, baƙi kuwa na ta ɗaukar hoto, a zatonsu wani biki ne na gargajiya.

Can sai ga Ersilia, yayar Ottorino, ta hauro lungun da sanda a hannu ɗaya, burodi a hammata. Kan Duilio ta nufa kai tsaye.

"Kai ne ko, ɗan Milano? Tun kafin a haifi ubanka nake dafa miyar nan, yau mijina ya ce na tsufa!"

"Gwaggo, ki tsaya ki ji..."

"Ba shi ba ne, Yaya," in ji Ottorino. "Ni na zuba."

"Kai? Da hannun nan da Baba ya koya wa aiki?"

"Da shi."

"Me ya shiga kanka?"

Idon Ottorino ne kawai ya kai kan ɗansa ya dawo ƙasa. Ersilia ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dire burodin a kan kanta.

"Wawaye biyu a gida ɗaya," ta ce a hankali. "Gobe ina son burodina."

Washegari Duilio ne ya riga shiga shago. Manyan burodin ya kwaɓa su lami kamar kullum. A gefe kuma ya gasa wani falalen burodi, ya shafe shi da man zaitun, ya barbaɗa gishiri a sama, ya jera a taga saboda baƙi. Ottorino ya gutsira, ya ce abincin yara ne, sannan ya cinye sauran a bayan murhu.

Da hantsi yana ciki yana kwashe toka ya jiyo wani baƙo ya tsallake na tagar ya sayi babban, ya gutsura, ya fara ƙorafi.

"Ba a cinsa shi kaɗai!" Muryar Duilio ce, har da tsawar. "Je ka nemo masa cuku, bawan Allah!"

Ottorino ya tsaya cak da shebur a hannu. Daɗi ya kama shi har ƙwalla ta zubo, ya ce hayaƙi ne, ko da yake wutar ta daɗe da mutuwa. Da ya hau sama cin rana ya saci kallon bayan ƙofa kamar yadda ya saba. Tsintsiya ce kawai a wurin, an kwashe kayan an ɗage akwatin.