Ranar da na yi wa mai 'ya ɗaya tuwon mutum goma

"Sunanta Tara," in ji maƙwabciyata Ba'indiya, tana miƙo min jaririyarta a bakin ƙofar flat ɗinmu na unguwar Catford.

A shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya kai maigidana karatu London. Ni kuwa sabuwar zuwa ce, Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Na dubi matar nan, 'yar siririya, ba ta girme ni ba. Na ce a raina, baiwar Allah, haihuwa tara a wannan ɗan akurkin!

Tausayi ya kama ni. Washegari na tuƙa tuwon semolina cike da tukunya, na sa maigidana ya raka ni ƙofarta.

"Ina sauran yaran?" na tambaye ta, ina ɗaga yatsu takwas.

Ta dubi yatsuna, ta dubi tukunyar. Da maigidana ya gaya mata abin da tara ke nufi da Hausa, dariya ta ci ta har sai da ta dafa bango.

"'Yar'uwa, ita ce ta fari!" in ji ta. "Tara tauraruwa ce a Sanskrit, tsohon harshen littattafan addininmu na Hindu. Akwai ma wata abar bautarmu mai sunan. Kakata ce ta zaɓa mata."

Na ce, "To, Allah Ya raya tauraruwa, amma tuwon nan fa sai kun ci."

Ta ja ni ciki, muka zauna. Ranar na yi ƙawata ta farko a ƙasar Turawa.

Ashe wani lokacin rashin fahimta ma zumunci yake ƙullawa. Ku fa, wane suna ne ya taɓa ruɗa ku?