Hotunan Mutanen Ƙetare

Shekara tara na yi ina riƙe da shagon hoto da buga takardu a Magama, dab da shingen kwastan. Kwamfuta ɗaya gare ni, tsohuwa, mai gurnani kamar injin markaɗe. Direbobi da fatake, namu da na Nijar, duk wanda na ɗauka hoton fasfo sai ya ce, "A ajiye min." Ba sa neman shaidar komai. A wurinsu daidai yake da barin buhun gero a shagon amini, ranar da suka waiwayo yana nan.

Ni kuwa ajiyar ta ishe ni. Kwamfutar ta cika, kafin folda ɗaya ta buɗe sai na yi alwala na dawo. Ciniki ya mutu tun da aka rufe boda, ba ni da halin sayen wata. Wata Talata da hantsi, zafi ya dame ni, na jera fayilolin bisa kwanan wata, na ce duk wanda ya shekara biyu bai leƙo ba ya yafe. Na zaɓe su tun daga sama, na danna gogewa. Ta tambaye ni ko na tabbata. Ita ma har da iyayi, in ji ni. Na shiga kwandon sharar kwamfutar na zazzage shi, don kowa ya san in ba a yi haka ba wurin bai samu ba.

Ko kaɗan ban tsaya na yi tunanin su wa suka shekara biyu ba su zo ba. Mutanen ƙetare ne, waɗanda rufe hanya ya tsare a gida.

Bayan wata uku wani mutum ya sauka daga babur a ƙofar shagona, ya biyo ta daji daga wajen Maraɗi. Muka gaisa, na ba shi ruwa.

"Malam, hoton wana na zaka amsa. Direban kaminyo ne, babbar motar kaya, nan kunka ɗauke shi. Allah ya yi mai rasuwa bara."

Na yi masa ta'aziyya. Ya ce wayar mamacin ta ƙone tare da motar, katinsa na shaida ma haka. Ya bar ɗiya da ta fara wayo, kullum tana tambayar kamannin ubanta.

Na san babu, amma na zauna ina buɗe folda ina rufewa, ina jan lokaci, kunya kamar ta kashe ni. Na kira wani mai gyara a Katsina, ya ce tunda na ɗora sababbin hotuna a kai, sai haƙuri. Daga ƙarshe na gaya wa baƙon gaskiya, da hannuna na goge.

Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Ya daɗe yana kallon farin ƙyallen bangon da nake jingina mutane da shi.

"To ɗauke ni ni," ya ce. "An ce muna kama. Ɗiyar ta samu abin riƙewa."

Ya zauna a kan benci, ya cire hularsa, wai marigayin ba ya sa hula. Na ɗaga kyamara, ya ɗaga min hannu.

"Malam, a nashi hoton, ya yi murmushi?"

Na ce masa wallahi ban tuna ba.