Sista Filomina da kabarin Baƙo a gonarmu

Wallahi har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Da safen nan ina shirin fita aiki saƙo ya shigo wayata daga Indiya, wai Sista Filomina ta rasu jiya a gidan sistocinsu na Goa.

Zama na yi a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, 'yar Katolika ce, cikin matan nan da ke ba da rayuwarsu ga coci, ba aure ba haihuwa. Mun daɗe muna aiki tare a wani ƙaramin asibitin haihuwa, a hannunta na koyi aikin ungozoma. Da tsufa ya kama ta aka mayar da ita ƙasarsu.

Abin da ya sa nake wannan dogon rubutu shi ne, ina sa labarin a sitatus, ko shayina bai huce ba, sai ga kiran Yaya Sale, ɗan wan babana. Mutumin da ko barka da sallah ba ya yi mini, yau shi ne da ta'aziyya. Nan take na ce a raina akwai magana.

Ai kuwa. Bayan gaisuwa sai ya ce to yanzu tunda matar nan ta tafi, ai sai a shigar da wurin nan cikin gona, damina ta kusa.

Bari in gaya muku wane wuri yake nufi.

A gonar gidanmu ta ƙauye, can wajen Buji, akwai ɗan fili a gindin tsamiya da garma ba ta taɓa hawa ba. Kabarin Baƙo muke ce masa. Lokacin da Turawa suka fara shigowa ƙasar nan, wani Bature ya zo rangadi da kukunsa, wani siririn mutum mai sulɓin gashi, ba Bature ba, ba kuma irinmu ba. Zazzaɓi ya kwantar da kukun, Baturen ya bar shi ya yi gaba abinsa. Kakan babana, Malam, mai makarantar allo, shi ya ɗauke shi ya sa a zaurensa. Matar Malam ke dama masa kunu. Ba wanda ke jin maganar wani. Da ya rasu aka ga gicciye a wuyansa, Malam ya ce ba za a kai shi maƙabartar Musulmi ba, amma ba za a yar da shi ba. Ya haƙa masa a gefen gonarsa, ya ce kada wani nasa ya taɓa nome wurin.

Baƙon ya bar mana abu ɗaya. Yana jinya yana rera wata 'yar waƙa, matar Malam ta riƙe ta, ta zama waƙar rarrashin jarirai a gidanmu. Kowace suruka ta koya wa matar ɗanta. Da ita aka goya ni, kuma babu wanda ya san ma'anarta.

Wata rana da hantsi ina jijjiga wani jariri a ɗakin masu jego ina rera ta, sai na ji shiru a bayana. Sista ce tsaye da tire a hannu, ta yi ƙuri. Ta ce a ina na samo wannan, yaren uwarta ne.

Ni kuwa kun san ni, ba na haɗiye magana ban tauna ba. Dama can ina sa mata ido. In azumi ya zo ta karɓe mini aikin yamma in je in sha ruwa, ta ajiye mini tabarma da buta a sito, duk ina cewa me wannan matar take nema a wurina? Inna ma, mahaifiyata, cewa take mace lafiyayya ta ƙi aure ai da walakin a tattare da ita.

Saboda haka na naɗi waƙar a waya na kai wa wani yaron unguwarmu a Limawa mai fassarar finafinan Indiya. Ya saurara ya sake saurara, ya rantse mini wannan ko kusa ba Indiyanci ba ne. Na ce yawwa, na kama ta.

Da na tare ta da maganar, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce a ƙasarsu yaruka ba sa ƙirguwa, na fim daban, nasu daban. Nasu sunansa Konkani, na mutanen bakin teku. Ashe kafin ta zo Najeriya aikinta ke nan a gidan sistoci: bayan addu'ar safe ta bi ƙauyuka tana zama da tsofaffin mata tana tattara waƙoƙinsu, don an daɗe ana raina yaren, har masu shi suna jin kunyarsa. Ta ce su ma rubutu iri-iri suke yi da shi, kamar mu da boko da ajami.

Ban gamsu ba. Na ce sai dai mu je gaban Inna.

Muka je ƙauye. Inna ta rera mata tun daga fari har ƙarshe, fuska a ɗaure. Sista tana ji hawaye na zuba. Ta ce kalmomin sun goge kamar tsohon turmi amma ana gane su: ruwa yana sauka a kan bishiyar kwakwa, baba ya tafi kamun kifi, yi barci kafin ya dawo.

Sai Inna ta yi tambayar da ke cin kowa a rai.

"Baiwar Allah, gaya mini gaskiya. Akwai addu'arku a ciki?"

Ku lura, ba mai jin yaren nan sai Sista. Da ta ce babu, da shi ke nan har abada. Amma sai ta ce:

"Akwai, Inna. Baitin ƙarshe. Yana roƙon Maryama ta tsare yaron."

Inna ta tashi ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki. Tun daga ranar ta yanke baitin nan, ta kuma hana kowa a gidan rera shi. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Sista ba. A mota muna dawowa na ce mata me ya kai ki, ga shi kin ɓata komai. Ta ce Inna ta tambaye ta ne don ta kula da addininta, ita kuma ba za ta saci addu'a ta sa a bakin mutum bai sani ba.

A ranar na daina sa mata ido. Ban kuma yi nadamar sa idon ba, da shi na gane ko ita wace ce.

Yaya Sale fa bai daina ba. Shi ya baza a gari wai coci za ta gina a gindin tsamiya, gara a nome wurin tun da wuri. Sai daga baya na fahimci ba cocin ne ya dame shi ba, 'yan kunyoyin gero da zai ƙara ne.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Sista ma a wurin aka yi, ana gobe za ta tafi. Ta tsaya a gefen kabarin da sandarta ta yi addu'arta a zuci, Yaya Sale na laɓe a bayan dawa yana leƙe. Na tambaye ta ko tana so a sa wata alama, ko a kewaye. Ta girgiza kai.

"Kada ku sa masa komai. Malam ya riga ya yi masa abin da ya fi alama. Ku dai bar shi yadda ya bar shi."

Inna ta aiko mata da ƙullin kuka da daddawa ta tafi da su. Ba ta fito ba, amma ta aiko.

To Yaya Sale, na san kana karanta wannan, don ka fi kowa bin shafina a ɓoye. Wurin nan ba na Sista ba ne balle ka ce mai shi ta mutu. Amanar Malam ce. Kafin ka ɗaura wa shanu garma ka je ka ji ta bakin Inna.

Don na kira ta bayan mun gama waya da kai. Na gaya mata rasuwar, na gaya mata abin da ka ce. Ta ce muddin tana numfashi ko fartanya ba za ta taɓa gindin tsamiyar nan ba. Jikarta na kuka a cinyarta, ba ta kashe wayar ba, na ji ta kama waƙar. Da ta zo inda take yankewa sai ta yi shiru, daidai tsawon baitin, tana bubbuga bayan yarinyar, sannan ta ce, "Matar nan ba ta yi mini ƙarya ba."

Masu shirin zuwa kwament su koya mini wanda ake yi wa addu'a da wanda ba a yi wa, ku huta, a gidan malamai na tashi. Lamarinta yana hannun Wanda ya halicce ta, Shi ne mafi adalci.

Allah Ya ba 'yan uwanta da sistocin gidansu haƙurin rashinta. Allah Ya jiƙan Malam da matarsa da suka riƙe baƙon da ba su san ko sunansa ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa mu a addu'a. Ranar Juma'a zan je ƙauye, kuma a gindin tsamiya za a same ni.