Kunnen Jatau a Takarda Uku

Ƙarfe shida saura kwata na bar ƙauyenmu a kan babur, da ɗan katin wayar 'yata Hadiza ƙulle a bakin rawani. Sana na huɗa, Jatau, ya ɓace a hannun Buba, Bafulatanin da ke mini kiwo wajen Cadakori. Ran Laraba Buba ya gan shi a turken wani dillali a Gidan Rumji. Jandarma suka riƙe san, suka ce in kawo hotonsa a takarda washegari kafin la'asar, in ba haka ba dillali ya tafi da abinsa. Hoto ɗaya gare ni, wanda Hadiza ta ɗauke mu da salla, ni da ita da Jatau. Wayar ta mutu, kati ya rage. Ga damina ta ƙarato.

Agiye, ƙarfe bakwai

Mai fotokopi kusa da tasha ya karɓi dala ashirin ya miƙo mini takarda baƙi da fari. Jan sa ya koma dunƙulen gawayi, ni kuma haƙora kawai.

"Malam, wannan sa ne ko rumbu?" na ce.

"Baba, iyakar injina ke nan."

Na ninke na shiga taksi.

Cadawa, tara da rabi

Mun ɓata minti arba'in a shingen jandarma saboda takardun direba. A Cadawa na samu wani shagon buga takardu mai injin launi. Ja ya fito, tsagar kunnensa, shaidata, ma ta ɗan nuna, na ji sanyi. Amma takardar sirara ce, tawada ba ta bushe ba. Kafin mu kai Maradi zufar aljihuna ta cinye kan san, launi ya bi riga.

Maradi, sha biyu

Direba ya nuna mini gidan hoto na sosai. Matar da ke wurin ta ce jika ɗaya ne babban hoto, a takarda mai sheƙi wadda ruwa ba ya ci. Sai ga wuta ta ɗauke. Awa guda ina zaune ina kallon agogonsu, ko ƙosan da na saya ban iya ci ba. Da wuta ta dawo hoton ya fito tas, har ƙudan da ke kan tozo. Ban tsaya dubawa ba, na ruga tasha.

Gidan Rumji, uku da minti ashirin

Buba na bakin ofis, ga Jatau ɗaure a gindin itacen bedi. Shugaban jandarma ya tambaye ni shaida.

"Tsaga a kunnen dama, ranka ya daɗe."

Ya dubi sa, dama ce. Ya dubi hoto, ya ɗago kai. "Ta hoton nan a hagu take."

Dillali ya yi dariya. "Shanu ja sun cika duniya, Alhaji."

Sa nawa ne, na san shi tun yana maraƙi, amma ga takardar da na biya da kuɗina tana ƙaryata ni. Buba ya karɓi hoton, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe. Sannan ya dube ni.

"Baba, zanen fuskarka nawa ne a dama?"

Ni Bagobiri ne. "Bakwai a dama, shida a hagu."

"To a nan bakwai ɗin na hagu."

Shugaban ya sa na tsaya a rana, ya ƙirga na kumatuna da bakin biro, ya ƙirga na hoto. Sau biyu ya yi. Wani ƙaramin jandarma ya ce ai in mutum ya ɗauki kansa da idon gaba na waya, hoton juyawa yake kamar madubi. Da takardar Agiye ko ta Cadawa na kawo, ba zane ɗaya da zai ƙirgu.

"Kwance masa sansa," in ji shugaban.

Gida

Na kwana wurin Buba, washegari muka loda Jatau a motar shanu, na iso gida bayan azahar. Na gode Allah, na gode Buba da matar gidan hoto. Jikokina kullum tsokanata suke wai an ɓata mini fuska. Ranar na tara su na sa suka yi wa wanzamin da ya tsaga ni addu'a, Allah ya ji ƙansa.