Garin Dawa a Madaurin Agogon Baba

Agogon Baba ba ya cin batir, ba a kuma murɗa masa ƙusa. Daga Makka ya sayo shi, ya yi shekaru yana noma da shi a hannu, bai taɓa tsayawa ba sai shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya hau fadamarmu, aka dawo da mu sabon matsuguni kusa da Maradun.

Na zo hutu daga makaranta na tarar Baba ya koma mutumin tabarma. Daga masallaci sai zaure, ya jingina da bango, hannuwa bisa cinya. Abu ɗaya ke sa ya ɗaga kai. A tsohon gari kowa ya san inda inuwar tsamiya ke kaiwa a kira Azahar. Nan kuwa fili ne fetal, babu tsamiya. Don haka ladan kan leƙo ya ce, "Alhaji, ƙarhe nawa?" Sai Baba ya janye hannun riga a hankali, ya duba, ya faɗa. Iyakar aikinsa ke nan a duniya.

Wata Alhamis ya ce wa ladan da sauran lokaci, ashe agogon ya tsaya tun hantsi. Har rana ta karkata sosai ba a kira salla ba. Babu wanda ya yi masa magana, amma washegari ladan ya wuce ƙofarmu yana kallon sama. Baba ya kwance agogon, ya miƙo mini.

"Uwata, kai shi Mahwara wajen mai gyara. In ya mutu a gaya mini."

Ranar Talata na bi motar kasuwa. Mai gyara, wani tsoho mai tabarau a ido ɗaya, ya buɗe bayan agogon ya nuna mini wani ƙarfe kamar rabin wata. Ya karkata hannu, ƙarfen ya juya, can ciki wata 'yar ƙafa ta fara kai da komo.

"Lahiyatai lau, ɗiyata. Motsin hannu shi ne tuwonai. Mai shi ba ya da lahiya ne?"

Na ce lafiyarsa ƙalau.

"To ki ce ya tashi. In kuwa ke za ki ɗaura, ban da daka, kada ki wargaza mini hanjinai."

Har muka iso gida ina juya maganar. Ta yaya 'ya za ta ce wa ubanta zamansa ne ya kashe agogo? Na ce wa Baba an duba, ba abin da ya lalace. Gaskiya ce, amma guntuwa.

Baba kan kwance agogon ya ajiye a kan buzu in ya koma kishingiɗa bayan Asuba. Sai in lallaɓa in ɗauka, in zura har ƙwaurin hannu, in durƙusa gaban dutsen niƙa. Na niƙa dawar gidanmu, na karɓi ta maƙwabta. Kunnena na zaure, ko zai yi tari. In gama, in goge, in mayar. Agogo ya ci gaba da tafiya, ladan ya dawo. Ni kuwa ban sake zama wuri ɗaya ba. In ina tasbihi sai in tsinci kaina ina ƙirga kwanakin hutu. Saura tara. Saura huɗu. In na tafi wa zai yi niƙan? Kwana biyu zai yi ya tsaya, ladan ya sake wucewa.

Ana gobe zan koma Baba ya kira ni. Yana riƙe da tsinken tsintsiya, yana sakace garin dawa daga tsakanin ƙarafan madaurin.

"Uwata, yaushe agogona ya fara cin tuwo?"

Na durƙusa, na faɗi duk abin da mai gyara ya ce, har da "ki ce ya tashi". Ban ɗaga ido ba. Ya ajiye tsinken, ya ɗaura agogon a hannu.

"Allah shi yi miki albarka," ya ce. "Je ki haɗa kayanki."

Da safe na fito neman mai ɗaukar mini akwati, na same shi a bakin ƙofa da takalman tafiya, akwatin a kansa. Na ce, "Baba, haba!" Bai saurare ni ba. Tashar da nisa, yana gaba ina baya, hannun hagu na lilo da agogon. A bakin mota ya tambayi direba ko Bakura za a bi. Ƙanen Baba da ke can ya daɗe yana kiransa ya zo ya ga wani fili a gefen magudanar ruwa.

"Gani kawai za ni yi," ya ce mini, kamar na yi masa gardama.

Agogon yana hannuna yanzu. Jikokina sun ce akwai masu tara irinsa, su jera cikin gilashi. A gilashi kwana biyu zai yi. Injin niƙa ya hutar da dutsena, don haka nakan ɗaura shi in hau shara, in sake share inda na share.