Ƙanena Ya Tafi, Ni Na Tsaya Bakin Rijiya

A bazarar 1979 ne Mushe Adamu, malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu kusa da Falanko, ya yanke bakin wani tsohon duro, ya ɗaure shi a jikin aduwar da ke bayan aji. Sannan ya fito da wata jar ƙwallo mai kaushi, ya ce wannan ƙwallon kwando ce, ba a taɓa ta da ƙafa, cikin ƙarfen ake jefa ta. Muka yi ta dariya. Ƙasar wurin rairayi ce, ƙwallon ba ta tashi, sai da muka yi kwanaki muna ɗebo laka muna daɓewa kamar za mu yi ɗakin amarya. Ni da ƙanena Laminu mun fi kowa tsawo, mu ne kullum ƙarƙashin ƙarfen nan har rana ta faɗi. Laminu ya fi ni gudu, amma ni na fi shi hannu, shi ma ya sani.

Da na gama aji shida, Mushe ya zo zauren gidanmu ya ce a bar ni in tafi kwaleji a Damagaram, can akwai filin siminti da masu koyarwa. Rijiyarmu zurfi gare ta, sai takarkari ke jan igiya, kuma ni ke kora shi. "Babba ba ya barin gida," in ji Baba. "In ka ga dama ka jira ƙaramin." Shekara na zagayowa Laminu ya hau babbar mota ranar kasuwa zuwa Damagaram. Ni kuwa na ci gaba da bin takarkari, mu yi nisa har guga ya fito, mu juyo, mu sake komawa, tun safe har azahar a kan sawu ɗaya. Da damina noman gero da gyaɗa, da kaka ɗaurin dami.

Da farin 1984 ya zo, shanunmu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ranar da takarkarin ya faɗi na yi kuka, amma can cikin raina na ce yanzu babu abin da ya riƙe ni. Sai Baba ya kwanta ciwo, ga Inna, ga ƙannena mata. Ban ko ta da maganar tafiya ba.

Laminu ya wuce Yamai, ya sa rigar ƙasa, daga baya wata ƙungiya a ƙasar waje ta ɗauke shi. Gwiwa ce ta tsayar da shi yana tsakiyar ƙarfinsa. Ya dawo ya koyar da matasa shekaru, sannan gidan rediyo ya ba shi aikin bayanin wasa. Ya taɓa ce mini, "Yaya, duk inda na buga, kai nake nema in miƙa wa."

Yau yaran ƙauyenmu na kallon wasa a waya, wanda ya so tafiya kuma ba a cika hana shi ba. Ni rediyo nake kunnawa a ƙofar gida. In Laminu ya ce an jefa, sai in ji yatsuna sun motsa. Shi ya san inda ƙarfinsa ya ƙare. Ni ban taɓa sanin inda nawa zai kai ba.